Hajjo Ta Sayi Baho Ɗaya

Duk wanda ya ga Hajjo matar Malam Attahiru mai albasa a kasuwar Boɗinga ran nan, ya san jika take jira. Ɗiyarta ta fari, Fiddausi, wadda ke aure a Kajiji, cikinta ya tsufa, kuma kamar yadda aka saba da haihuwar fari, gida za a kawo ta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego a ɗakin da aka haife ta. To Hajjo kuwa ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Tun da hantsi ta kafa ta tsare a rumfar Malami mai kayan jarirai, ta ɗaga wannan ta ajiye wancan, ta shinshina sabulu, ta ja robar wando ta ga ko za ta saki, har bawan Allah ya gaji ya jawo benci ya zauna.

Ta ɗauki shawul mai laushi da zanen goyo. Ta zaɓi 'yan riguna da hula da safa, ta sa aka ɗauko mata gidan sauro daga can sama, ta ware shi a tsakiyar mutane tana neman huda. Man zaitun, hoda, auduga, maganin cibiya, fulas na ruwan zafi, babu abin da ta bari. Hatta ledar shimfiɗa da safar hannu da sabuwar reza waɗanda asibiti ke tambaya sai da ta sa aka ƙulle mata su daban. Da aka zo kan baho ne Malami ya ɗaga guda biyu.

"Hajiya, biyu anka saba ɗauka yanzu. Ɗaya na wanka, ɗaya na wankin ƙunzugu."

"Ɗaya nac ce maka."

"Ai ragi zan yi miki, ba don..."

"Malami, kunnenka lafiya? Ɗaya!"

Har mai tumatir na gefe sai da ya waiwayo. Malami ya mayar da baho guda yana mamakin abin da ya kawo faɗa a ciniki mai daɗi haka. Shi bai sani ba, Hajjo ba ta ƙaunar jin kalmar biyu a 'yan watannin nan, domin a ƙarƙashin zurmemen hijabin da ta maƙale wa ko a cikin zafin rana, akwai wani cikin.

Ƙwarai kuwa, nata. Hajjo mai shekara arba'in da ɗoriya, wadda autanta har ya fara tsiro gemu. Da al'adarta ta ɗauke sai ta ce girma ne ya zo, ta yi hamdala. Da jiki ya yi nauyi ta ce tuwon dawa ne. Sai wata safiya tana tankaɗe abu ya shure ta daga ciki, shuri irin wanda duk macen da ta taɓa haihuwa ba ta bukatar a yi mata fassararsa. Rariya ta faɗi a hannunta. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu a ka, ta ma rasa addu'ar da za ta ja.

Ta san Boɗinga, ta san bakin matan Boɗinga, don da ita ake yi in an samu wata. Uwa ta aurar da ɗiya, ɗiya ta yi ciki, ita ma ta biyo baya da nata? Za a ce gasa take da ɗiyarta. Za a ce ta ƙi yarda ta tsufa. A gidan biki za a riƙa taɓa juna ana ƙunshe dariya, surukanta na Kajiji kuma, mutanen da ko tari ba ta yi a gabansu, za su ji cewa kakar jikansu na can tana jego. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Fiddausi. Ɗiyar fari ce, ko sunanta Hajjo ba ta faɗa, sai dai ta ce yarinyar nan. Ina za ta sa idonta in yarinyar nan ta sani?

Malam Attahiru da ya ji, dariya ya yi har hularsa ta zame, ya ce kyautar Allah ce, a sayi komai bibbiyu. Hajjo ta ce masa in ya kuskura ya shigo da ko safa ta biyu gidan nan, to ya nemi mai dafa masa tuwo. Ai mutane ƙirga suke yi, in ji ta, baho biyu a kan mashin ya isa a kwana ana zance. Ya ce to jaririn fa, da ganye za a naɗe shi? Ta ce ya bar mata wannan.

Dabarar da ta ƙulla, da yayarta Uwani ta ƙulla ta. Uwani na aure a Lambara shekara da shekaru, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Hajjo ta kira ta ɗaki ta rufe ƙofa. Bisa lissafinta Fiddausi za ta riga ta sauka. Da zarar an yi suna an watse, sai ta ce Yaya ba ta da lafiya, ta tafi Lambara jinya, ta haihu can a asirce, ta yi arba'in, ta bar wa Uwani abin da aka samu ta riƙa da madarar gwangwani. In ya girma an sani, to lokacin zance ya yi sanyi. Uwani ta dubi tabarma ta ce, "Hajjo, kin tabbata?" Hajjo ta ce ta tabbata, har da rantsuwa. Allah na tuba, dabara ce irin wadda sai kunya ta toshe wa mutum tunani yake ganin ta da kyau, amma su biyun suka tashi a kan haka.

Daga nan Hajjo ta duƙufa. Don kada a ce ta canja, sai ta ninka aiki. Ita ta daka yajin jego da hannunta, ita ta surfa geron kunun kanwa, ita ta mirgino ƙatuwar tukunyar wanka daga bayan rumbu ta kankare ta. Itacen da surukai suka aiko da shi ma ba ta yarda an taya ta jerawa ba. In ta shiga ɗaki takan zazzage jakar kayan jikan ta sake ninke su, wani lokaci ta ɗora 'yar hular a kan cikinta na ɗan lokaci, sai kuma ta cire da sauri kamar ta taɓa garwashi. Tausayin abin da ke cikinta na kama ta, gaskiya ne. Amma ko tsumma ɗaya ba ta ajiye masa ba.

Ranar ɗauko Fiddausi ta zo. An shirya Hajiya Ummu, uwar mijinta Zayyanu, za ta kawo ta wani ƙaramin asibiti a Shagari inda take zuwa awo, malamar asibiti ta duba kayan haihuwa ta ga ko sun cika, daga nan a danƙa ta ga danginta su wuce da ita Boɗinga. A ƙa'ida Uwani ce za ta je ita kaɗai, uwa ba ta zuwa tarbar ɗiyar fari. Amma Hajjo ta ce ina! Kayan da ta sha rana ta zaɓo, a zazzage su gaban Hajiya Ummu ba ta wurin ta ga fuskarta? Ta rungumi jaka, Uwani ta ɗauki baho, suka shiga 'yar ƙaramar mota da aka danna mata mutane da buhunan albasa har bayanta na jan ƙasa.

Tun kafin su yi nisa bayan Hajjo ya fara ciwo. Ta ce zaman matsi ne. Direba ya faɗa wani rami, abu ya ɗaure mata mara har ta ciji bakin hijabi. Uwani ta dube ta, ta kawar da kai ta taga. Hajjo kuwa a ranta tana ta faɗin ai da saura, da saura fiye da wata, kamar abin cikin zai ji ya haƙura.

Sun iske asibitin cike da masu awo, an jeru a benci a ƙarƙashin rumfa. Fiddausi na zaune a gefen surukarta, ta ga uwarta ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe cikinta don kunya. Hajiya Ummu ta miƙe da fara'a. Aka shiga gaisuwa irin ta surukai, kowacce ta ɗan rusuna, ina gajiya, ina mutanen gida, yaya Malam, yaya shanu, yaya albasa ta bana. Hajjo na amsawa, gumi na bin wuyanta. Ta duƙa za ta zuge jaka ta fara nuna kaya ke nan, sai ta ji wani abu ya fashe, ruwa mai ɗumi ya kwararo ta ƙafafunta, ya malale a siminti har ya taɓa takalmin Hajiya Ummu.

"Ashsha, fulas ya fashe," in ji Hajiya Ummu, tana ɗage zanenta.

Fulas na nan lafiya lau a cikin baho a hannun Uwani, ko ruwa babu a cikinsa. Hajiya Ummu ta dubi fulas, ta dubi siminti, ta bi ruwan da ido har zuwa inda ya fito. Bakinta ya buɗe bai rufu ba. Wata mai ciki a benci ta ce, "La ilaha illallahu, faya ce!" Nan take rumfar ta yi tsit, har wadda ke tauna gyaɗa ta daina.

Malamar asibiti ta fito da gudu, ta nufi Fiddausi, don ita ce mai ciki a cikinsu. Uwani ta ce da ƙaramar murya, "Ba ita ba ta, Malama. Wagga ta." Malamar ta tsaya, ta kama bakin hijabin Hajjo ta ɗaga. Ga ciki nan an ɗaure shi tamau da ɗankwali biyu, ya yi ƙasa.

"Inna?" in ji Fiddausi. Ta miƙe tsaye, mayafin ya zame, ba ta ma san ya zame ba. "Inna!"

Hajjo ta so ƙasa ta tsage ta shige. Da ana mutuwa don kunya, da a wurin za a yi mata sutura. Sai dai naƙuda ba ta ba ta wannan sararin ba, ta sake murɗo ta har ta durƙusa a kan gwiwoyinta.

"Baba, wata nawa? Ina katin awonki?" in ji malamar. Babu. "Ina kayan haihuwarki? Leda, safar hannu, zanen da za a karɓi yaro?" Babu, babu. Malamar ta ga jaka a gaban Hajjo ta kai hannu, Hajjo ta faɗa a kan jakar ta ƙanƙame ta da hannu biyu.

"Kar a taɓa! Na jikana na. Kowa ya san na jikana na."

"Baba, yaro na tahowa, bai kai lokaci ba, sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi. Da mi zan naɗe shi?"

"A nemo tsumma. Yaya, ba ta ɗankwalinki."

Sai ga Fiddausi, yarinyar da tunda ta yi wayo ba ta taɓa haɗa ido da uwarta ba, ta durƙusa da tulelen cikinta, ta ɓamɓare yatsun Hajjo ɗaya bayan ɗaya, ta fizge jakar. Ta zuge ta, ta kife a kan benci. Shawul, huluna, auduga, leda, duk suka zube a gaban jama'a. Ta kwasa ta tura wa malamar a ƙirji.

"Ga su nan. Ki shiga da ita."

Ba a daɗe ba. Jikin da ya saba haihuwa ba ya jan lokaci, kafin a kira azahar ta sauka. Mace ce, 'yar mitsitsiya, ba ta fi ƙwaryar shan fura nauyi ba. Da farko ko motsi ba ta yi ba. Hajjo na kwance tana jin malamar na murza bayan jaririyar da tawul, tana murzawa tana magana ƙasa-ƙasa, ɗakin kuma shiru. A wannan shirun Hajjo ta manta da Boɗinga da Kajiji da duk mai baki a duniya. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa, ta tuna tukunyar da ta mirgina da ɗankwalin da take tamke ciki da shi kullum, ta ce a ranta ni na kashe ta. Can sai aka ji wani ɗan siririn kuka kamar na 'yar akuya sabuwar haihuwa. Hajjo ta fashe da nata kukan, wanda ya fi na jaririyar ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hular jika ta yi mata yawa, sai da aka naɗe bakinta. Malamar ta buɗe rigar Hajjo, ta kwantar da jaririyar tsirara a tsakanin nonuwanta, ta ɗauki sabon zanen goyon nan ta ɗaure su tare.

"Ki saurare ni da kyau, Baba. Wagga yarinya ɗumin jikinki za ta rayu da shi. Haka za ki riƙe ta a ƙirji, fata da fata, dare da rana, har ta yi ƙwari. Nononki kaɗai, ba ruwa, ba madarar gwangwani. Ba a karɓa-karɓa da ita, ba a ba wani ya riƙa miki. Kin ji ko?"

Hajjo ta gyaɗa kai. Ko da malamar ba ta faɗa ba, ita ta riga ta sani. Tun da ɗan kuncin nan ya manne a fatarta, ta ji numfashin yana sauka yana tashi a kan nata, ta san ko da wuƙa aka zo ba ta bayar da yarinyar nan.

Hajiya Ummu ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, har yanzu idonta bai koma daidai ba. "To... barka, Hajiya. Barka da arziki. Ni wallahi ban san ta inda zan fara ba." Ta ajiye kofin, ta fita. Ta taga Hajjo na jin ta a waya tana cewa, "A'a, ba Fiddausi ba. Uwar! Uwar nac ce maka!" Shi ke nan, labari ya kama hanyar Kajiji, kuma kafin la'asar zai isa Boɗinga.

Fiddausi ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon ɗan kan da ke leƙowa daga zane.

"Inna, kin sai ma nawa har da hoda. Ita ko ƙyalle ba ki aje mata ba."

Hajjo ta juya fuska bango.

"Don ni kinka yi haka? Da ta mutu yau, da mi zan ji duk ranar da na kalli nawa sanye da kayan ga?" Ta matso kusa. "Ƙanwata ta, Inna. Wa yac ce miki ba ni son ta?"

Hajjo ta lalubo hannun ɗiyarta ta riƙe, abin da rabonta da yi tun yarinyar na tatata. Ta ce za a sake sayen wasu kayan kafin ta sauka. Fiddausi ta ce a sake ko kar a sake, ta share ido, ta fita neman ruwan zafi.

Sai a lokacin Hajjo ta lura da Uwani. Tana zaune a ƙasa a kusurwar ɗakin tun ɗazu, ta miƙe ƙafa, takalmanta a gefe. Duk abin da malamar ta faɗa a kunnenta aka faɗe shi. Hajjo ta kira ta a hankali.

"Yaya..."

"Na ji, Hajjo. Ba sai kin ce komi ba."

"Yaya, na yi miki rantsuwa. Ki yafe mini. Ba ni iyawa."

Uwani ta taso a hankali, ta zo bakin gado. Hajjo ta ɗan ɗaga gefen zanen don ta gani. Uwani ta sunkuya ta kalli fuskar, ta kalli 'yan yatsun, ta kai hannu har ya kusa, sai ta mayar da shi bayanta ta riƙe da ɗayan.

"Tubarkalla," in ji ta. "Gobe in sa a kawo miki kayanta Boɗinga. Na Fiddausi ba su ƙare ba, kar ki tada hankalinki."

"Wane kaya?"

"Nata mana. Tun randa kinka gaya mini nike tarawa. Kasuwar Shagari nike zuwa, inda ba a san ni ba, in sayo ɗaya-ɗaya in ɓoye cikin adaka. Akwai riguna, akwai bargo, akwai ɗan gado da na sa kafinta ya yi. Na shafe ɗaki da farar ƙasa." Ta yi ɗan murmushi. "Majanyin ma da hannuna na saƙa shi. In maigidana ya tafi masallaci sai in goya matashin kai in zagaya tsakar gida, don kar ta zo ta iske ban iya ba."

Jaririyar ta motsa a ƙirjin Hajjo tana neman nono. Uwani ta gyara mata bakin zanen da kyau, ta duƙa ta ɗauki takalmanta, ta ce bari ta je ta nemi motar Lambara tun rana ba ta faɗi ba.